Tukunyar Kunu a Hanyar Garwaya

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa gajimare ba da ginshiƙi ba, Mai sakin iska da safe Ya kame ta da maraice, da sunansa nake buɗe baki. Ku matso ku gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa yanzu ya gama, don ni in na fara magana ba na son a katse ni. Sunana Shekarau ɗan Ranau, mutumin Garwaya, kuma abin da zan faɗa muku da idona na gan shi, a ƙasashen da ƙasa ba ta zama wuri ɗaya.

A can kowane gari tudu ne mai shawagi a sarari, da gonakinsa da rijiyoyinsa da makabartarsa, yana tafiya sannu a kan wani farin tekun gajimare wanda ba wanda ya san ƙarƙashinsa. Koguna kan gangaro har bakin gaɓa su zuba cikin sarari, kafin su yi nisa sun zama yayyafi. Mai son zuwa wani gari sai ya hau jirgin sama irin namu, na gwangwala da saƙi da aka shafe da kakin zuma, mai fukafukai biyu da igiyoyin juyawa. Jirgin ba ya cin komai sai iska. In ta so ka, ka isa. In ta ƙi ka, ko gawarka ba a gani, kuma haka ta yi wa mahaifina ina goye. Shi ya sa da na tasa, Innata Marka ta ɗaure mini guzuri da hannunta, ta ce in tafi Birnin Igiyoyi in koyi duban sama, don gidanta ba zai ba gajimare mutum na biyu ba.

Birnin Igiyoyi kuwa abin kallo ne. A tsakiyarsa akwai hasumiya wadda in ka ɗaga kai za ka ga ƙarshenta sai hularka ta faɗi. Daga samanta igiyoyi sun bazu ko'ina, waɗansu tsuntsaye ke ɗauka su yi sama da su, waɗansu an zura su ta bakin gaɓa har cikin gajimare, kowace da gora ɗaure a bakinta. Mai hasumiyar ita ce Iya Tabawa, wata 'yar tsohuwa gajera mai faɗan tsiya. Kullum da asuba mukan jawo mata gorunan, ta buɗe ta shinshina iskar da ke ciki, ta ɗanɗani raɓar da ta taru a gindi. Tsattsewa kuma suna zuwa mata daga hasumiyoyin sauran garuruwa, ta kama su ta shafa gashinsu, ta ji wanda ya jiƙe da wanda ya yi sanyi da wanda ke warin ƙasar da ruwa ya daka. Da haka take sanin abin da sama ke shirin yi a wuraren da idonta bai kai ba.

Matuƙan jirage kan yi layi a ƙofarta kafin su tashi. Wani ya shigo yana washe baki ya ce, "Iya, yau fa gari ya yi kyau." Sai ta harare shi ta ce, "A nan za ka kwana ne? Wa ya tambaye ka garin da za ka bari? Tambaye ni inda za ka bi. Tambaye ni inda za ka sauka, kuma ba yadda yake yanzu ba, yadda za ka tarar da shi in ka isa."

To, ga al'adarsu, ku saurara da kyau. Mai duban sama ba ya ba ka magana a baki kawai. In ya gama faɗa maka hasashensa, sai ya zuba kunun tsamiya mai zafi a 'yar tukunya, ya rufe, ya miƙa maka. Muddin tukunyar na da ɗumi, maganarsa na raye, kana iya dogara da ita. Da zarar ta huce, maganar ta mutu, sai ka koma ka karɓo sabuwa. Tukwanen kuwa kala-kala ne, wata mai kauri ce ta kai maraice, wata kafin hantsi ya dubi ludayi ta sandare, kuma Iya kaɗai ta san halin kowace. Na yi shekaru ina jan igiya da wanke tukwanen nan, har na fara gane warin ruwa a cikin gora.

Wata safiya ina tsaka da jan igiya na ji an daki ƙeyata an ce, "Ɗan mace, har yanzu ba ka yi ƙiba ba?"

Ban ko waiwaya ba na san Arzika ne, ɗan kawuna, abokin wasana, matuƙin jirgi, ƙato mai ci kamar gara. Na ce, "Ina zan yi ƙiba, tunda kun cinye na gidan tun muna yara?" Na juyo ina dariya, sai na ga fuskarsa ba dariya a cikinta. Ya ce Garwaya ta karkata, ta doshi Katangar Hadari.

Katangar Hadari wani baƙin hadari ne da ya tsaya tun daga ƙasan gajimare har inda ido ba ya kaiwa, kuma ba ya gushewa rani da damina. Tudu kan ratsa ta lafiya saboda nauyinsa, amma jirgi ko tsuntsu bai isa ba. Garin da ya shige bayanta kuwa, sai jaririn da aka haifa ranar ya yi furfura kafin ya zagayo.

Arzika ya ce, "Gwaggo ta tsufa, Shekarau. Idanunta sun tafi. Ta ce in zo mata da kai ko a ɗaure ne. Kafin watan nan ya mutu an shige, in ba ka je ba, kai da ita sai a lahira."

Washegari da asuba muka durƙusa gaban Iya Tabawa. Ta daɗe tana shinshina gorunan kudu tana yamutsa fuska, sannan ta ce, "Ku bi ta Mashigin Shamuwa, iska za ta tura ku ta baya. Akwai ruwa a cikin iskar kudu, amma barci yake yi, bai farka ba tukuna. Ga tukunyarku. Ku tashi ku ba ni wuri, ba na son kuka a ɗakina." Ta faɗi haka tana goge nata idon da bakin zane.

Amma mu Garwayawa muna da tamu al'adar, wadda ba mu ɗauka da wasa. Bagarwaye ba ya barin gari sai ya shiga duk gidan da ya taɓa cin tuwonsu ya yi sallama, ran tafiyar, bayan tafiya ta tabbata. Kuma ba a tsaye ba. A zaune, takalmi a cire, a kawo ruwa ka sha, a kawo fura ka taɓa, a nemi gafarar juna, a ɗaure maka guzuri. Wanda ya tsallake gida ɗaya, har jikokinsa sai an yi musu gori. Ni kuwa da na yi shekara da shekaru a birnin, gidan wa ne ban ci tuwonsa ba? Na miƙa wa Arzika tukunya ya riƙe, muka fara. Gidan maƙera, gidan masaƙa, gidan mai ƙosai, gidan limami. Kowa sai ya tambayi lafiyar Inna, kowa sai ya ba da labarin ranar da na fara zuwa. Ina sallama, Arzika na bayana yana share kwanuka.

Sa'ad da muka isa bakin gaɓa inda jirginsa ke ɗaure, rana ta ɗaga sosai. Na ce, "Arzika, mun daɗe. Mu koma sama wurin Iya."

Ya miƙo mini tukunya ya ce, "Taɓa ka ji, ɗan mace."

Na taɓa, sai da na janye hannu don zafi. Na ce lallai yau Iya mai kauri ta ba mu. Sama kuwa tas, ko ɗigon girgije babu. Muka loda guzuri har jirgi na nishi, Arzika ya kwance igiya, muka sulale daga gaɓa iska ta karɓe mu.

Wanda bai taɓa tafiya a kan farin tekun nan ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Shiru ne kawai, sai ɗan kukan igiyoyi. Balbelu na kiwo a kan gajimare garke-garke, suna tsintar wani abu da ba mu gani. Muka wuce wani tudu ƙarami da ba kowa a kansa sai rijiya ɗaya da guga, gugan na sauka yana hawa shi kaɗai. Muka wuce ta ƙarƙashin wani gari muna kallon saiwoyin itatuwansa na reto, ruwa na ɗiga daga jikinsu, kowane ɗigo da bakan gizonsa. Inuwar jirginmu na bin mu a ƙasa da zoben haske kewaye da ita. Barci ya fara fizgata, har na ga kamar ina jin muryar Inna tana kiran awaki.

Yunwa ce ta farkar da ni. Na jawo tukunya na buɗe don in kurɓi kunu, sai wani ƙauri ya daki hancina. Kunun Iya Tabawa kuwa bai taɓa kamawa ba tunda nake. Na ɗaga tukunyar na leƙa gindinta, baƙi ƙirin da sabon toyi.

Na ce, "Arzika, me ka yi wa tukunyar nan?"

Ya yi kamar igiya yake gyarawa. Na sake tambaya da ƙarfi. Ya ce, "Yo a gidan mai ƙosai na ji ta fara sanyi, ga murhu na ci a banza, sai na ɗan ɗora ta. Ba cewa aka yi muddin da ɗumi ba? To ga ɗumi."

Wallahi da ba shi ke riƙe da jirgin ba da na jefa shi ƙasa. Na ce, "Kai wane irin sakarai ne? Ka ɗumama kunu, sama ma ka ɗumama ta? Maganar Iya ta mutu tun muna gidan mai ƙosai, gawarta muka ɗauko muke yawo da ita!"

Ya ce a hankali, "Hasumiyar nan hawanta ba wasa ba ne, in ta ce mu kwana fa? Na yi wa Gwaggo alkawari." Na san ba mugunta ba ce. Na juya na dubi gaba, na ga abin da nake tsoro.

Ruwan da Iya ta ce barci yake ya farka. A bakin Mashigin Shamuwa wani girgije ya miƙe tsaye, gindinsa baƙi, kansa fari a baje kamar uwar maƙera, yana girma muna kallo. Walƙiya na yawo a cikinsa ba ƙara. Arzika ya ce zai bi ta ƙarƙashinsa ya wuce da gudu. Na ce ko kusa. Na sha jin Iya na cewa irin wannan ba a ratsa shi, ba a bi ƙarƙashinsa, kuma ba a bi ta ɓangaren da kansa ya karkata, don can yake zubar da ƙanƙara. Na ce ya juya dama, wajen da iska ke fitowa. Ya juya, amma mun makara kaɗan. Iska ta danne mu ƙasa, ƙanƙara ta fara dukan fukafukai kamar ana watsa tsakuwa a kan kwano, fiffiken hagu ya tsage, jirgi ya yi ta nitsewa, farin tekun na tasowa zai haɗiye mu.

Na ce, "Zubar da kaya!"

Ya ce, "Guzurin mutane?"

Na ce, "Zubar, ko in zubar da kai!"

Haka muka yi ta jefa alherin Birnin Igiyoyi cikin sarari. Dakuwar gidan maƙera, furar gidan limami, tulun zuma, ƙullin daddawa. Da aka zo kan kilishi Arzika ya rungume shi yana cewa ko wannan a bari, na fizge na wurga. Jirgi ya ɗan yi sauƙi amma bai daina sauka ba. Can na hango shamuwa, garke guda, suna kewaya a gefe ba su ko kaɗa fiffike, kuma suna yin sama. Na ce, "Bi su! Inda suke iska hawa take yi." Arzika, a ba shi haƙƙinsa, a hannu gwani ne. Ya lallaɓa jirgi mai fiffike ɗaya da rabi har cikin tsuntsayen nan, muka ji kamar an sa hannu an tallabe mu. Muka yi ta kewaya tare da su, suna kallonmu ta gefen ido, har hadarin ya wuce ta bayanmu yana gunaguni. Da suka miƙe muka bi su, suka kai mu wani ɗan tudu da bai fi gona ɗaya ba, muka faɗa kansa a jiƙe sharkaf.

A tudun nan akwai tsamiya ɗaya, bukka ɗaya, amya cike da ƙudan zuma, da wani dogon tsoho mai suna Baba Nomau. Shi ma mai duban sama ne, amma ba shi da hasumiya. Saiwoyin tsamiyarsa sun huda tudun sun zube cikin gajimare, shi kuwa yakan manna kunne a jikin itacen ya ji abin da suke sha. Yakan kuma duba ƙudan zumansa, in sun ƙi fita kiwo ya san da magana. Da muka ba shi labarin kunu ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce tunda yake bai taɓa jin wanda ya yi wa sama wayo da murhu ba sai Arzika.

Muka ɗinke fiffike. Na ce, "Baba, a dama mana kunu mu wuce." Ya manna kunne a tsamiya, ya girgiza kai. Washegari ma haka. Rana ta uku ma haka. Daga bakin tudun kuwa, in rana ta yi sanyi, ina hango Katangar Hadari kamar baƙin zare a ƙarshen duniya, da wani ɗan ɗigo kusa da ita. Garwaya ce. Kullum tazarar sai ta ragu. Wata kuma na ta ramewa. Abinci ya daina shiga cikina, na tsani tsamiyar nan, na tsani ƙudajen nan, na tsani natsuwar tsohon nan.

Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah. Ko mai sanyi ce ka ba ni. Uwata ce a can."

Ya ce, "Ɗana, na sani. Amma ba na dama kunu a kan ƙarya. Hanya cike take da irin wanda ya yaga muku fiffike. In na ba ka tukunya yau, uwarka ba za ta gan ka ba, ni kuma na kashe mata ɗa."

Na koma gefe na yi kukana. Da na share ido sai wata dabara ta faɗo mini. Na ce wa Arzika, "Tashi mu yi wa Baba sallama yanzu."

Ya zaro ido. "Sallama? Tafiya ba ta tabbata ba? A yi sallama kuma a kwana a gidan mutum a ci tuwonsa? Ɗan mace, so kake a yi mana waƙa a Garwaya?"

Na ce, "A yi mana waƙar muna ji da kunnenmu. Al'ada cewa ta yi ran tafiya. To kowace rana ran tafiya ce a wurina, har sai Baba ya ce ba ita ba ce."

Haka muka koma yi. Kullum gari na wayewa mu cire takalma, mu zauna gaban Baba Nomau, ya kawo ruwa mu sha, ya kawo zuma mu lasa, mu nemi gafararsa ya nemi tamu, ya yi mana addu'ar sauka lafiya. Sannan ya je ya manna kunne a tsamiya ya dawo ya ce ba yau ba, mu sa takalmanmu mu je mu tsinto masa itace. Arzika ya ce bai taɓa yafe wa mutum ɗaya sau da yawa haka ba, alhali bai yi masa komai ba.

Ran nan muna gama sallama ƙudan zuma suka fito gaba ɗaya suka yi gabas. Baba ya daɗe a jikin tsamiya, sannan ya shiga bukka muka ji motsin muciya. Ya fito da tukunya tana tururi, ya ce, "Ku saurara, ba zan maimaita ba. Hanya lafiya lau. Amma za ku tarar gajimare ya sauko ya kwanta a kan Garwaya, ko kan rimi ba za ku gani ba. Kada ku kutsa. Ku tsaya ta gabas, inda dutse ke tura iska sama, ku yi ta kewaya. Ina sa ran iska za ta juyo daga yamma ta yaye shi na ɗan lokaci. In ta juyo, ku faɗa. In kunun nan ya huce ba ta juyo ba, maganata ta ƙare, ban san abin da zai biyo baya ba, ku juyo nan."

Na ce, "In mun juyo fa, Baba? Gobe an shige."

Ya ce, "In kun juyo, kun juyo da ranku. Iyakar abin da nake da shi ke nan."

Ba sallama, ba zama, an riga an yi. Kafin tururin ya lafa muna sama. Wannan karon ni na riƙe tukunya, kuma ban rungume ta ba. Na ajiye ta a ƙasan jirgi nesa da jikina, don kada ɗumina ya shiga cikinta ya yi mini ƙarya.

Rana ta karkata muka isa. Katangar Hadari ta cika rabin duniya, baƙa, tana motsi a hankali, tana wani gurnani da ake ji a ƙirji kafin kunne. A gabanta kuwa, inda ya kamata Garwaya ta kasance, sai wani farin tsibi kamar an tara auduga. Muka tsaya ta gabas muka fara kewaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne muna jin garin. Ga sautin daka na tasowa ta cikin farin nan, ga carar zakara, ga wata mata na ƙwala wa ɗanta kira ya zo ya ɗauki tulu. Har ƙamshin miyar kuka sai da ya iso mana. Gida na ƙarƙashin ƙafafuna, ba na ganin ko tsinke.

Arzika ya ce, "Na san garin nan kamar yunwar cikina. Bari in kutsa, ido rufe ma zan sauka."

Na ce, "Garin tafiya yake yi, Arzika. Inda ka san fili, yanzu wataƙila dutse ne ko rimi. Kewaya."

Muka kewaya. Na taɓa tukunya, da ɗumi. Muka sake kewayawa, Katanga ta ƙara matsowa har iskarta mai sanyi na taɓa mu. Na taɓa tukunya, ɗumin ya ragu, sai ka daɗe da hannu kafin ka ji shi. Na ce, "In ta huce za mu juya."

Arzika ya dube ni ya ce, "Za ka iya?"

Na ce, "Ban sani ba. In na kasa faɗa, kai ka juya da mu, ko ina zaginka."

Na ga hawaye na bin gemunsa, ƙaton banza. Na rufe ido, tafina a kan tukunya, ina roƙon Allah ba da kalmomi ba. Ban san iyakar lokacin da na ɗauka a haka ba. Sai na ji wani ɗan sanyi ya shafi kuncina, ba daga wajen Katanga ba, daga ɗaya gefen. Na buɗe ido, bakin rawanin Arzika ya juya yana kaɗawa gabas.

Farin tsibin nan ya fara zamewa daga yamma kamar ana janye mayafi. Kan rimi ya fito, sai rufin ɗakuna, sai jan filin sauka da awaki a kansa. Na ce, "Yanzu!" Arzika ya kifa hancin jirgi, iska na kuka a kunnuwanmu, muka wuce ta gefen rimi har ganye na taɓa fiffike, awaki suka watse, muka daki ƙasa muka yi tsalle muka zarce cikin gonar wake. Gwangwala ta karye, na yi adungure na tashi da ganye a baki. Kafin in gama kakkaɓe riga, gajimaren ya dawo ya rufe bayanmu ruf.

Mutane suka yo kanmu da gudu ana salati. Ni ban tsaya gaisawa da kowa ba, Garwaya ta yi mini gorin da za ta yi. Wata mata ta nuna mini gindin rimi. Can na ga Inna zaune a kan 'yar tabarma, ta ƙanƙance, fuskarta a ɗage tana fuskantar inda ƙarar ta fito. An ce tun ranar da Arzika ya tafi, nan take yini.

Na durƙusa a gabanta. Ta ce, "Wane ne?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta miƙo hannu biyu ta laluba fuskata, ta bi goshina da hancina da gemun da ba ta san na yi ba. Ta gangaro kafaɗuna ta matsa damatsana. Ta daɗe tana riƙe da su, sannan ta ce, "Ba sa ba ka abinci ne a can?" Na kifa kaina a cinyarta na yi kuka kamar yaron goye, ita kuwa tana ta tsince mini ganyen wake daga gashi.

Kafin magariba Garwaya ta shiga Katanga. Aka rufe ƙofofi, ruwa ya yi ta zuba, aradu na faɗuwa a bayan gari, ni ina ɗakin Inna ina hura mata wuta. Da muka fito ta ɗaya gefen, sararin can baƙo ne, taurarinsa ma ba namu ba, kuma har yau a cikinsa Garwaya take. Damina biyu na samu tare da ita. Ni nake kai ta rana da safe in dawo da ita inuwa, ni nake dama mata fura. Ranar da ta cika, kanta na kan hannuna, kuma ni na shiga kabarin na karɓe ta na kwantar da ita.